Daga Doki zuwa Motar Kwatano: Tarihin Cinikin Abin Hawa na Hannu a Ƙasar Katagum

Cinikin abin hawa na hannu, wato wanda wani ya riga ya mora kafin ya iso ga mai saye, ya girmi zuwan mota ƙasar Katagum nesa ba kusa ba, domin doki da raƙumi da jaki da takarkari kowannensu yana shiga kasuwa ne ɗauke da tabon hannun da ya riƙe shi, mai kyau ko mummuna. Masarautar da Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19 ta zauna ne a kan iyakar daular Sakkwato da Barno, a kan hanyar da fatake ke bi tsakanin Kano da Kukawa, kuma irin wannan matsayi ba ya ɗorewa sai da dawaki. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya sauka a birnin Katagum a watan Janairun 1824 a zamanin Sarki Ɗankauwa, ya ƙiyasta cewa ƙasar na iya fitar da mahaya kimanin 4,000 zuwa fagen yaƙi, ya kuma lura cewa a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri tun barinsa Barno. Inda dawaki suka kai haka yawa, ga kuma kuɗin da ake ƙirgawa, dole ne a sami ƙa'idar da za ta tsare mai saye daga cuta.

Ƙa'idar ta ginu ne a kan dillali, wato mutumin da ke tsayawa tsakanin mai dabba da mai nema, wanda ladansa, da ake kira la'ada, ba ya fita sai ciniki ya faɗa. Mai saye yakan buɗe bakin doki ya karanta shekarunsa a haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya don neman tsohon miki, sannan a sa yaro ya sukwane shi a ji numfashinsa, bayan haka sai a shiga tayi, mai kaya yana cewa albarka har a kai farashin da zai sallama a gaban shaidu. Amma babban aikin dillali ya wuce daidaita farashi, domin shi ne ke lamunin cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma shi za a nema idan wani ya zo daga baya ya ce tasa ce. A bayan wannan al'ada akwai fiƙihun Malikiyya da alƙalan masarauta ke hukunci da shi, wanda littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halilu suka yi bayaninsa: idan aibi ya bayyana wanda yake tun kafin ciniki, kuma mai sayarwa bai faɗe shi ba, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Wannan hukunci mai sauƙin faɗi shi ne ya sa baƙo daga Hadeja ko Misau zai iya sayen doki a hannun wanda bai taɓa gani ba.

Turawan mulkin mallaka sun karɓe ƙasar a 1903, aka kuma mayar da fadar sarki daga tsohon birnin Katagum zuwa Azare a 1916. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Azare ba: layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, wanda kuma ya nufi Maiduguri ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa can a 1964. Saboda haka gyaɗa da fatu da ƙiraga na ƙasar Katagum sai da suka dogara da jakuna da raƙuma, daga bisani kuma da manyan motoci, kafin su kai tashar jirgi. Talakan da ya shiga harkar sufuri a wancan zamani da wuya ya fara da sabuwar mota. Hanyar da aka saba ita ce mutum ya fara a matsayin yaron mota, ya zama direba, ya tara abin da ya tara, sannan ya sayi tsohuwar Bedford ko makamanciyarta da wani kamfanin Turawa ko attajirin Kwara, wato ɗan Labanan, ko babban ɗan kasuwar Kano ya gaji da ita, kafinta ya ɗora mata sabon bodin katako, shi kuma ya ci gaba da biyan ragowar kuɗin daga abin da motar ke kawowa. Dillalan da suka gaji cinikin dabbobi ba su sha wahalar shiga wannan sabon fage ba, tunda tayi da sallama da la'ada duk suna nan yadda suke, sai dai bakanike ya maye gurbin mai duba haƙori.

Sai dai ba kowace irin mota ce ta sami shiga wannan kasuwa ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in mota da ake ƙerawa da gado da madafa da makewayi a ciki, wadda iyali ke saye, sau da yawa ta hannu, domin yawon hutu. Irin wannan mota ba ta taɓa yin kasuwa a Katagum ba, kuma dalilin bai tsaya ga tsada kaɗai ba. Matafiyin ƙasar Hausa ya gaji zango da masauki da fatoma, wato mai gidan da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana kayansa, ya kuma nemo masa masu saye, don haka wanda ya zo da ɗakinsa a kan taya ya yanke kansa daga mutanen da tafiyar ke buƙata. Waɗanda mota ta zama musu gida a zahiri su ne direbobin dogon zango da ke kwana a kan motarsu ko ƙarƙashinta, da kuma alhazan da suka riƙa bin hanyar ƙasa ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan zuwa gaɓar Bahar Maliya, suna girki da barci a gefen motar makonni a jere. Har yau idan motar ɗaukar kaya mai rufi ta iso daga Turai, abin da ake yi mata shi ne a fasa tagogi, a jera kujeru, ta shiga lodin fasinja.

An yi wani ɗan lokaci da sabuwar mota ta zo kusa da hannun ma'aikaci. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji sun zo daidai da buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, aka kuma kafa ta Steyr a Bauchi kafin ƙarshen shekarun 1970, har malamin makaranta kan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar 504. Wannan yalwa ba ta daɗe ba, domin shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi, kasuwa ta juya ga tsofaffin motocin Turai. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, motocin Jamus da Holan da Beljiyam ne suka dace da titunanta, shi ya sa unguwar Heyvaert a birnin Brussels da tashar jiragen ruwa ta Antwerp suka zama mafarin wannan fatauci, tashar Kwatano a Jamhuriyar Benin kuma ta zama masaukinsa saboda sauƙin harajinta.

A wancan lokaci, daga Kwatano motocin da suka nufo arewa sukan bi ta Parakou da Malanville su haye zuwa Gaya a Nijar da takardar wucewa, su gangara Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram, daga nan 'yan fito, wato direbobin da suka san hanyoyin daji, su shigo da su Najeriya, wasu ta hanyar biyan kwastam, wasu ta fasa-ƙwauri. Kano ce babbar matattara, daga can kuma dilolin Azare ke ɗauko abin da kasuwarsu ke so: Golf da Sharan da Hiace na haya a kan hanyar Kano zuwa Potiskum da ta Bauchi, da a-kori-kura na kai hatsi da dabbobi kasuwannin ƙauye. Gwamnati ta yi ta sauya doka a kan shekarun motar da za a shigo da ita da yawan harajinta, ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu daga 1 ga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kowane sauyi ya ƙara farashi, ya kuma ƙara yawan motocin da takardunsu ke da rauni.

A nan ne tsohon tsarin ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. Bakanike yana iya sauraron inji, ya duba launin hayaƙi, ya shiga ƙarƙashi ya nemi walda a jikin shasi, ya shafa fenti ya gane inda aka cike da fota, amma ba ya iya sanin cewa ambaliya ta taɓa shanye motar a ƙasar da ta fito kafin a yi gwanjonta, ko an mayar da agogon tafiyarta baya. Dillalin doki ya san gidan da dabbar ta fito, alhali dillalin mota yakan san hannu na ƙarshe ne kawai a cikin jerin da ya ratsa ƙasashe uku ko huɗu, saboda haka lamuninsa ya yi rauni, hukuncin mayar da kaya saboda aibi kuma ya yi wuyar zartarwa tunda wanda ya ɓoye aibin yana bayan teku. Mafi ciwo shi ne aibin takarda, domin mutum yana iya biyan kuɗinsa na halal, ya yi shekara yana hawa, sannan jami'an kwastam su tare shi a hanya su ce lambar shasi ba ta dace da takardar haraji ba, kuma wanda ke ɗaukar wannan asara yawanci shi ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikin jerin, ɗan fansho ko matashin da dangi suka haɗa wa jari.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya sun sa motar Kwatano ma ta zama ta masu hali, kasuwa ta koma kan motocin da suka riga suka yi shekaru a cikin gida, waɗanda ke fita daga hannun ma'aikaci zuwa ɗan kasuwa, daga nan zuwa tasha. A irin wannan ciniki mai saye a Azare yana iya zuwa wurin bakaniken da ya saba gyara motar ya tambaye shi sau nawa aka sauke injinta, dillali kuma yana iya kai shi har ƙofar gidan mai ita, a rubuta takardar ciniki da lambar inji da ta shasi, shaidu su sa hannu kafin a miƙa makulli.