Yadda Gawo da Sabara Suka Dawo Gonakin Maradi

Mu da muka yi aikin malamin gona a jihar Maradi, dashen itace aka fara koya mana. A reni turare da dogon yaro a leda, a kai ƙauye da damina, a yi taro. Kafin bazara awaki da zafi sun gama da su. A wancan lokacin manomi ko leƙa su ba ya yi, kuma da hujjarsa. Tun dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, wadda ta Nijar ta 1974 ta bi sawunta, itacen da ke gonarsa tamkar na gwamnati ne. In ya sare reshen gawo ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ɗin SIM, ya lura cewa sabara da kalgon da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga tsohon kututture mai rai, mai saiwa can ƙasa. Aikin bai fi ƙarfin adda ba. A tsaya kan kututture, a zaɓi tohon da ya fi miƙewa, huɗu ko biyar, a datse saura, a rage rassan ƙasa. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. Yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, ta sa ƙauyuka suka karɓi wannan dabara, don ana ba da hatsi ga wanda ya bar itace. Da hatsin ya ƙare, akasarin itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun samu makamashi da abincin dabbobi, geronsu bai ragu ba, maƙwabta kuma suna gani. A ganina wannan ganin ya fi duk laccar da muka yi.

A Ɗan Saga, wajen Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itace, har da mata da Fulani makiyaya a ciki, su ke hukunta ɓarawon reshe. Sai a 2004 sabuwar dokar gandun daji ta sassauta riƙon gwamnati, a lokacin manoma sun riga sun yi mata nisa. Binciken su Chris Reij ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka farfaɗo, yawancinsu a jihohin Maradi da Damagaram.