Gudaji Kazaure da shekara 8 a Majalisar Wakilai

Mu mutanen Roni, Muhammad Gudaji Kazaure ne ya wakilce mu a Abuja daga 2015 zuwa 2023, tare da Kazaure, Gwiwa da 'Yankwashi. Kowa na tuna maganarsa ta Maris 2018, wai in aka sakar wa mata dama da yawa za su ture maza. Sai batun naira tiriliyan 89 na harajin hatimi a Disamba 2022, wanda fadar Buhari ta musanta.

To ƙuri'unsa fa? Nan nake ganin matsalar take. Yawancin ƙudirori da murya ake yanke su, masu "e" da masu "a'a", Kakaki ya buga guduma, ba a rubuta sunan kowa. Shi ya sa ko a teburin mai shayi, bidiyonsa kawai muke gardama a kai.