Turbo da naitiros a inji mai yawan matsi

Turbo da naitiros hanyoyi ne biyu da ake bi domin ƙara wa injin mota ƙarfi ta hanyar cusa masa iskar oksijin fiye da wadda yake iya zuƙa da kansa. Idan aka haɗa su da inji mai yawan matsi, wato wanda fistan ɗinsa ke matse iska da fetur da kashi 11:1 ko sama da haka, ƙarfin yana ƙaruwa sosai, sai dai injin yana iya lalacewa cikin daƙiƙu kaɗan.

Yadda suke aiki

Turbo tana amfani da hayaƙin da ke fita daga inji wajen juya wata farfela, wadda ita kuma ke tura iska cikin silinda. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar ƙirarta a 1905. Sufacaja ma aikinta ke nan, amma bel ne ke juya ta daga jikin injin. Shi kuwa naitiros oksayid (N₂O) ana ajiye shi a kwalba yana ruwa. Idan ya yi zafin kusan digiri 300 na Salsiyas sai ya rabu ya saki oksijin. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 ce. Jamus ta yi amfani da shi a jiragen yaƙinta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsarin da ake kira GM-1.

Matsalar ƙwanƙwasa

Matse iska yana ƙara mata zafi. Idan zafin da matsin suka wuce abin da fetur zai iya jurewa, ragowar man da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, kuma tana fasa fistan, ta karya ringi, ta ƙone gaskit. Ba daidai take da abin da makanikai a Najeriya ke nufi da "inji ya yi nokin" ba, domin su suna nufin injin ya riga ya mutu, ko da yake ƙwanƙwasa na iya kai shi ga hakan. Inji mai yawan matsi dama yana dab da wannan iyaka tun kafin a taɓa shi.

Misali sananne shi ne Oldsmobile Jetfire ta 1962 a Amurka. An sa mata turbo aka bar matsinta a 10.25:1, aka dogara da wani haɗin ruwa da metanol da ake fesawa don sanyaya iskar. Masu motar da dama sukan bar tankin haɗin ya ƙare, sai ƙarfin ya faɗi, kuma bayan 1963 aka daina ƙera ta. Porsche ta bi wata hanyar, ta saukar da matsin 911 Turbo ta 1975 zuwa 6.5:1.

Matakan kariya

Masu gyara sukan canza fistan da wanda ke rage matsi, su sa na'urar sanyaya iska tsakanin turbo da inji, su yi amfani da mai mai yawan oktan, sannan su jinkirta lokacin tartsatsin fulogi ta kwamfutar motar. Naitiros yana sanyaya iska idan ya fita daga kwalba, abin da ke taimakawa, amma idan ba a ƙara fetur daidai da shi ba wutar kan yi zafin da zai narkar da fistan. Shi ya sa a tseren gajeren zango ake fesa shi na ɗan lokaci kawai, sau da yawa don cike gibin da ke akwai kafin turbo ta ɗauki gudu. Injunan zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda sun sassauta wannan iyaka: injin Mazda mai lita 2.5 da turbo yana aiki da matsin 10.5:1.