Samanja Mazan Fama: Sojan da ya mai da bariki dandalin wasa

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, yana cikin mutanen da suka kafa harsashin wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talbijin a arewacin Najeriya.

Shi ne yake tsara wasan, ya ba da umurni, sannan ya fito a matsayin wani hafsan soja mai tsawa da baƙin hali, wanda maganarsa kaɗai ta isa ta sa mutum dariya.

Asalinsa

An haifi Usman Baba a shekarar 1942 a garin Pategi na ƙasar Nufe, cikin jihar Kwara ta yanzu, kuma ɗan gidan sarautar garin ne.

Ya yi karatu a Pategi da Ilori, daga nan ya koma Kaduna, inda ya yi aiki a gidan rediyon Arewa.

A cikin shekarun 1960, zamanin da ƙasar ta auka cikin yaƙin basasa, ya shiga aikin soja. Bai tuɓe kaki ba sai a shekarar 1985.

Zaman barikin ne ya ba shi abin da ya gina wasansa a kai. Sunan Samanja ya samo asali ne daga muƙamin sajan-manjo, wato hafsan da ke tsakanin manyan jami'ai da ƙananan sojoji, wanda horo da ladabtarwa suke hannunsa.

Harshen bariki

Abin da ya bambanta Samanja da sauran 'yan wasa shi ne harshensa.

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka, Hausa ce harshen da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da shi. Daga nan ne aka sami Barikanci, Hausar da ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, ba ta kuma damu da bambancin ka da ƙa ba.

Samanja ya ɗauki wannan harshe ya gauraya shi da gurɓataccen Turanci, yana tsalle daga wannan zuwa wancan a cikin jimla guda.

Saboda haka Bahaushe yana dariyar yadda ake karya harshensa, wanda ba Bahaushe ba kuma yana jin abin da ake faɗa.

Dariya a zamanin soja

Wasan ya yi tashe ne a lokacin da sojoji suka fi daɗewa a kan mulki, domin sun riƙe Najeriya daga 1966 zuwa 1979, suka sake dawowa daga ƙarshen 1983 zuwa 1999.

A wancan lokaci farar hula ba ya wasa da mai kaki. Amma ga wani soja da kansa yana nuna cewa mai tsawar nan a fagen fareti yana da rigimar gida da kuskure kamar kowa.

Muryar Rediyon Kaduna tana kaiwa nesa, don haka mai sauraro a Gwandu ko Kalgo, wanda bai taɓa taka bariki ba, yana iya sanin halin zamanta daga cikin zaurensa.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga Hausawa. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, haka kuma 'yan tashe sukan kwaikwayi manya a watan azumi. Samanja ya kai wannan tsohuwar al'ada ce cikin akwatin rediyo da talbijin.

Rasuwarsa

Ya yi zamani da Kasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017. Su ne suka share fage kafin bunƙasar finafinan Kano a shekarun 1990.

Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna ranar 12 ga watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 81 a duniya.