Daga Fijo zuwa 'Yar Kwatano: Inda Kuɗin Mai Mota ke Zurarewa

Duk wanda ya daɗe a harkar saye da sayar da motoci a Kano ko Kaduna ya ga kasuwar nan ta sauya kama sau uku. An yi zamanin Fijo, lokacin da ma'aikaci ke ɗauko mota sabuwa dal daga masana'antar Kakuri a Kaduna. An yi zamanin Kwatano, da motocin hannu na Turai suka cika tituna. Yanzu kuma muna zamanin motocin gwanjon Amurka da tsadar dala. Abin da ya ƙi sauyawa shi ne yadda muke riƙon motar. Yawancin asarar da nake ganin masu mota suna tafkawa daga nan take fitowa: motar ta wannan zamani ce, riƙon kuwa na 1980.

An yi wa kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, rajista a 1972, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. A lokacin Naira ta fi dala daraja, gwamnati na ba da bashin mota, ita ma a nan take sayen motocin ofisoshinta. A shekarun nan ne aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da na Marsandi a Inugu. Amma a Arewa Fijo ce sarauniya. Ƙaramar 504 ta manyan ma'aikata ce, doguwarta ita ke jigilar fasinja daga tasha zuwa tasha, a-kori-kura kuma ta ɗauki buhunan hatsi zuwa kasuwannin ƙauye.

Motar ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Kafireto ne, da giyar hannu, da wayoyin da za ka iya bi da ido. Bakanike na sauraron ƙarar inji ya faɗa maka ciwonta, kayan gyaranta kuma ana samunsu har a ƙananan garuruwa. A wannan makaranta aka horar da iyayen gidan yawancin kanikawanmu na yau, kuma a nan aka gaji wasu al'adu: a zuba baƙin mai mai kauri, a cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, a cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Fijo ta jure duk wannan. Jurewarta ce ta sa aka ɗauka hakan shi ne daidai.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Nan kasuwa ta juya. Ana tara tsofaffin motoci a Baljiyam, a loda su a jirgin ruwa daga Antwaf zuwa tashar Kwatano, inda kuɗin fito ya fi na Legas sauƙi. Daga can direbobi su yi arewa da su, su tsallaka Nijar ta Gaya, su biyo ta Ƙonni ko Maraɗi, su faɗo Illela ko Jibiya. Shi ya sa har gobe muke cewa 'yar Kwatano ko 'yar Baljiyam, mutanen kudu kuma su ce tokumbo. Motocin Japan da na Jamus suka mamaye gari: Honda Accord, Toyota Carina da Starlet, Golf, Vectra, daga baya Sharan da Fijo 406 suka karɓe tashoshin mota. Kanikawa suka rabu, wannan na Japan, wancan na Jamus. Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka bunƙasa, kayan gyara suka kasu uku: sabo na asali, wanda aka ciro daga jikin wata motar a Turai, da jabun da ake yi wa kwali mai kyau.

A wannan zamani ne muka koyi darasin da har yau babu wanda ya fi shi a harkar: darajar mota tana ga yawan 'yan'uwanta a gari. Motar da kowane gareji ya sani, wadda yaron shago zai miƙo maka kayanta ba tare da ya ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas ba, ita ce mai arha ko da kuɗin sayenta ya fi yawa. Na sha ganin mutum ya ɗauki wata dalleliyar mota da ba a saba da ita ba don an rage masa kuɗi, bayan shekara guda tana jingine a kan duwatsu saboda wani ƙaramin ƙarfe da babu shi a ƙasar. Ranar da ya tashi sayarwa kuma babu mai taya. Corolla, Camry, Accord da 406 ba don kyau suke riƙe farashi a Arewa ba. Dalilin shi ne ko yaushe ka kai su kasuwa akwai mai jira.

Zamanin Kwatano ya bar mana wani ciwo, wato takardun kwastan. Motoci da yawa ta daji suka shigo, ba a biya duti ba, ko an biya rabi, ko an buga takardar bogi. Mai saye ya ga sauƙi ya yi murna, sai ranar da aka tare shi a hanyar Abuja ya gane araha ba ta ado. Gwamnati ta yi ta ɗaure igiyar. Tsarin motoci na 2013 ya kai harajin shigo da haɗaɗɗiyar mota kashi 70 cikin ɗari, daga 1 ga Janairun 2017 aka haramta shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya har zuwa Disambar 2020, a 2022 kuma kwastan suka koma ƙiyasta duti da lambar shasi. Don haka kafin ka biya ko sisi, ɗauki takardun ka kai ofishin kwastan a tantance, ka kuma gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi. Dillalin da ya ce babu lokacin wannan ya riga ya ba ka amsa.

Yau mafi yawan motocin da ke shigowa ta Legas daga Amurka suke, kuma kaso mai yawa daga wuraren gwanjo irin su Copart, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye. A nan gida ake miƙe su, a yi fenti, a goge, a jera. Ba duka ne marasa kyau ba. Motar da aka ɗan buga ta a gefe aka gyara da kyau tana iya yi maka shekaru, matuƙar an faɗa maka gaskiya an kuma rage kuɗi. Wadda ruwa ya shiga ita ce ba a kusanta, domin tsatsa na cin wayoyinta a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ka duba ƙarafan, buɗe ramin safaya ka nemi busasshen taɓo. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuwa, idan ka sa ta a intanet, sau da yawa za ka ga hoton motar ranar da aka yi gwanjonta, da nisan tafiyar da ta yi kafin a murɗe agogon baya.

Sauran dabarun duba mota ba su da tsada. Je da sassafe ka tayar da ita inji na sanyi, don motar da aka riga aka ɗumama tana ɓoye hayaƙi da ƙara. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, domin akwai masu cire ƙwan don kada ya tona asiri. Tun 1996 motocin Amurka ke da wurin jona na'urar bincike, kuɗin jonawar kuma bai kai na tankin mai ɗaya ba. A leƙa salansa a ga ko abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi yana nan, don ana yanke shi a sayar. Ka zo da bakanikenka, ka biya shi ladan ranarsa daga aljihunka, don kada ya nemi nasa a wajen mai sayarwa. Ka kuma tambayi wane ne mai motar na ainihi. A tsakaninmu dillalai mun san mota kan bi ta hannu uku kafin ta iso gare ka, kowa ya ɗora nasa. Kada kuma ka zuba duk abin da ka tara a saye. Ware na juyen mai, da taya, da batir, da sauya takardu, domin babu motar hannun da ba ta neman wani abu a watan farko.

Inshora ita ce inda muka fi yin sakaci. Tun 1945 doka ta wajabta inshorar kare wanda ka yi wa ɓarna, amma mun shafe shekaru muna ɗaukarta takardar nuna wa ɗan sanda. Wasu na ƙyamarta saboda shakkar halaccinta, wasu kuma sun saba a haɗa musu ita cikin takardun mota a hannun 'yan ka-yi-na-yi da ke zaune a bakin ofisoshin lasisi, ba su san ko da kamfani a bayanta ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 daga 5,000 ga motar gida, abin da za a biya na dukiyar da ka lalata kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Lissafa kuɗin fitila da bamba na babbar jif a yau, za ka ga babu ciniki mai riba kamar wannan a duk harkar mota. Sharaɗin kawai ta zama ta gaske. Akwai rumbun bayanai na NIID da ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa, inda za ka sa lambar motarka ta waya ka ga ko tana ciki. Takardar da ba ta ciki, ko nawa ka saye ta, ka yi asara.

Wannan inshorar ba ta gyara taka motar. Mai yin haka ita ce cikakkiya, wadda ƙa'idarta ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara, wato Naira 500,000 ga motar miliyan 10. Ra'ayina shi ne ta dace da mota mai tsada, ko wadda aka saya da bashi, ko wadda idan ta salwanta mai ita ba zai iya maye gurbinta ba. Tsohuwar mota kuwa, gara ka yi ƙaramar ta gaskiya, ka riƙa ajiye wani abu duk wata don gyara. Mai shakka ta fuskar addini ya samu mafita, domin tun 2016 aka ba kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz lasisi, tsarin da mahalarta ke tara gudummawa don taimakon juna, a raba musu rarar da ta saura. Idan tsautsayi ya faɗa, ɗauki hoto a wurin, ka sanar da kamfanin da wuri, kada ka kai gyara kafin su gani.

A gareji ne gadon Fijo ke cin kuɗin mutane. Injin zamani ramukan da mai ke bi a cikinsa ƙanana ne, kuma a murfin da ake zuba man an rubuta irin wanda yake so, 5W-30 ko 0W-20. A ɗura masa mai kauri, da safe man bai kai sama da wuri ba, ƙarfe ya ci ƙarfe, bayan wani lokaci a ce sai an yi ringi. Cire tamostat na sa kwamfutar motar ta ɗauka inji bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara fetur. Lokacin da lita ke ƙasa da Naira 200 ba a ji ba, amma tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa. Ruwan famfo na tara tsatsa da gishiri a lagireto har mota ta ɗau zafi ta ƙona gasket, alhali ruwan sanyaya inji na gaskiya galan ɗaya ko biyu ne. Giyar otomatik kowace da nata man, jan mai ba duka ɗaya ba ne. Motar da ke da bel na taimin, irin 406 da Golf, a sauya shi a kan lokaci, domin idan ya tsinke a guje yakan tafi da bawul.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tara kuɗi a ɓoye. Agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 5,000 kuwa kilomita 8,000 ne, don haka mai juyen mai duk kilomita 5,000, idan ya jira agogon ya ƙirga 5,000, ya riga ya wuce. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, a riƙa duba ta. Iskar taya an rubuta ta a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci, amma mai faci zai ɗura 50 idan ba ka tsaya a kansa ba, tayar ta cinye ta tsakiya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar Baljiyam mai zanen kirki amma ta tsufa, zafin kwaltar watan Afrilu ba ya raga mata.

PAN ta koma hannun 'yan kasuwa a 2006, a 2022 kuma kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, amma sabuwar mota har yanzu ta fi ƙarfin yawancin jama'a. Motar hannu za mu ci gaba da hawa, ga shi kuma tana ƙara tsada, tana ƙara wayoyi da kwamfuta. Shawarata ga mai shirin saye ita ce ya zaɓi motar da garinsu ya sani, ya tantance duti da inshora da kansa, ya buɗe littafin motar ya karanta, sannan ya nemi bakaniken da ke jona na'ura kafin ya ɗauki sifana. Mu kuma dillalai da kanikawa, lokaci ya yi da za mu koma koyo, mu kuma riƙa faɗa wa mai saye aibin mota kafin ya ƙirga kuɗinsa, kamar yadda addini ya umarta.