Daga Dodon Tatsuniya Zuwa Matsafan Birni: Tarihin Labaran Ban Tsoro a Hausa

Labarin ban tsoro shi ne wanda mai ba da shi ya tsara da nufin sa gaban mai sauraro ko mai karatu ya faɗi, ta hanyar haɗa ɗan Adam da abin da ya fi ƙarfinsa, kamar aljani ko fatalwa ko maye. A Turai da Amurka masu nazari sukan auna marubutan da, irin su Mary Shelley da ta fitar da Frankenstein a 1818 da Bram Stoker da ya fitar da Dracula a 1897, da na zamani irin su Stephen King, wanda littafinsa na farko, Carrie, ya fito a 1974. Hausa ma tana da nata magabatan da nata 'yan bayan a wannan fage, sai dai tarihinsu ya faro ne daga baki tun kafin ya shiga takarda, kuma ya bi fatake zuwa wuraren da ke nesa da Kano da Katsina.

Ɗaya daga cikin waɗannan wurare ita ce tsohuwar unguwar Zango ta Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda Mosawa ke kira Zangwetin. Zango a asali masaukin ayari ne, kuma ayarin fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, sukan ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, har wasu daga cikinsu suka zauna suka yi iyali. Tare da kanwa da tufafin da suka ɗauko, sun zo da tatsuniyoyinsu da labaran iskoki. Shaidar cewa wannan adabi ya kafu a zangunan yamma tana cikin littafin tatsuniyoyin Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913, domin Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana, a daidai lokacin da Frank Edgar ke fitar da kundinsa mai juzu'i uku a kan tatsuniyoyin Arewacin Nijeriya, tsakanin 1911 da 1913.

Tsoron tatsuniya yana da iyaka sananniya. Ba a yin ta da rana, ana buɗe ta da kalmomin da kowa ya sani, ana rufe ta da ƙurunƙus, wato alamar cewa an fito daga duniyar ƙirƙira an dawo tsakar gida. Dodo, wanda shi ne babban abin tsoronta, yana zaune ne a kogi ko a ƙungurmin daji, kuma yawanci wanda ya faɗa hannunsa ya karya wata doka ne, kamar budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi baƙon da ba a san asalinsa ba. A ƙarshe ƙaramin yaro irin Auta yakan ga bayansa, a farke cikinsa, waɗanda ya haɗiye su fito da ransu.

Marubutan farko na boko sun gaji wannan tsari, suka haɗa shi da abin da suka karanta a littattafan Larabci irin Dare Dubu da Ɗaya. Gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, kuma uku daga ciki sun taɓa duniyar ɓoye. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumi yana shiga ƙasashen aljanu, amma yana shiga ne da wayo ko da takobi da addu'a, mai karatu kuwa bai taɓa shakkar cewa zai dawo gida ba, saboda haka abin da ke kama zuciya a cikinsu mamaki ne da raha fiye da fargaba. Jiki Magayi na John Tafida da East ya sha bamban. Abubakar, wanda attajiri Malam Shehu ya aure masa budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, kuma asirin bai faɗa kan wanda ya yi laifin kai tsaye ba, ya faɗa kan ɗansa Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Babu dodo mai ƙaho a nan, amma a cikin biyar ɗin babu wanda ya kai shi barin mai karatu da nauyin zuciya, domin tushen masifar ƙiyayya ce irin wadda kowa ya san tana iya tsira a ransa. Littattafan shekarun 1950, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sun koma tafarkin jarumta da al'ajabi ba tare da sun zurfafa wannan hanya ba.

Canji na gaske ya zo da adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta suka riƙa buga wa kansu tun daga tsakiyar shekarun 1980, suna sayarwa ta hannun 'yan kasuwa ba tare da tacewar wani kamfanin ɗab'i ba. Soyayya ce ta mamaye wannan adabi, amma a gefenta wasu matasa suka mai da tsoro da al'ajabi sana'arsu. Nazir Adam Salih, marubucin Kibiyar Ajali, wanda daga baya ya koma rubuta fina-finai, yana cikin waɗanda suka fi shahara. Maje El-Hajeej Hotoro ya yi suna da Sirrinsu har sunan littafin ya zama laƙabinsa. Abdulaziz Sani Madakin Gini kuwa ya riƙe littattafan yaƙi, inda sadaukai ke karawa da matsafa da aljanu juzu'i bayan juzu'i, kuma shi ne ya fi kusa da gadon Ganɗoki.

Babbar fasahar wannan zamani ita ce ɗauko abin tsoro daga daji a shigo da shi gari. A shekarun da darajar naira ta faɗi bayan 1986, aka kuma cika da jita-jitar 'yan shan jini da ƙungiyoyin asiri masu ba da ɗan Adam domin kuɗi, sai abin gudun ya zama maƙwabci mai sabuwar mota, ko kishiya, ko ɗakin da maigida ya hana kowa buɗewa. Waɗannan marubuta sun ƙware wajen jan rai, sun san inda za su yanke juzu'i domin mai karatu ya koma kasuwa, kuma sun faɗi abin da ke damun talakan birni da gaskiyar da littattafan makaranta ba su yi ba. A wannan sun fi magabatansu. A harshe kuwa na da sun yi musu nisa, domin jimlar Abubakar Imam takan ɗauki karin magana da ba'a da hikima a numfashi ɗaya, alhali da yawa daga littattafan kasuwa sun fito da kurakuran rubutu da maimaita siffofin jajayen idanu da zubar jini, har tsoron ya dushe saboda yawansa.

Akwai kuma nauyin da marubucin zamani ya ɗauka wanda bai hau kan mai tatsuniya ba. Dodo ba shi da dangi a unguwa, amma mayya tana da suna da gida. Maita a wurin Bahaushe ita ce kama kurwar mutum, wato ran da ke tafe da jikinsa, a cinye ta, kuma Mosawa suna da imani mai kama da wannan. A Wagadugu cibiyar Delwende, wadda 'yan majami'ar Katolika ke kula da ita, ta shafe shekaru tana ba ɗaruruwan mata mafaka, galibinsu tsofaffi da aka kora daga ƙauyukansu bisa zargin cin kurwa. Masu shirya fina-finan ƙasar sun fuskanci al'amarin ta ɓangaren wadda ake zargi, kamar Idrissa Ouédraogo a Yaaba na 1989 da Pierre Yaméogo a Delwende na 2005. Labarin Hausa da ke tabbatar da cewa tsohuwar da ake zargi mayya ce da gaske yana ƙara wa wannan zalunci ƙarfi, kuma Jiki Magayi ya riga ya nuna cewa ana iya girgiza mai karatu ba tare da an ɗora wa marar gata laifi ba.

Ita kanta Zangwetin an rushe ta a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA na sabunta tsakiyar birnin, aka mai da mazaunanta wasu unguwanni na gefe. A cikin shekarun da suka biyo baya kasuwar littafin takarda ta ja baya a Kano, labaran suka koma Wattpad da rukunonin WhatsApp da tashoshin YouTube da ake karanta su da murya. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga Hausawan ƙasashen da karatun boko ke gudana da Faransanci, domin wanda bai saba da rubutun Hausa ba yana iya sauraro, kuma labarin da aka rubuta a Kano yana isa Wagadugu a ranar da aka ɗora shi.