Jim Martin: Yaron da Ya Tafi Yaƙin Galifoli

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin yaƙi sun fi mai da hankali ga sarakuna da janarori da ranakun da aka ci garuruwa, har akan manta da ƙaramin soja wanda shi ne ke kwana a cikin rami. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun soja ɗaya tak daga ƙasar Ostiraliya, watau James Charles Martin, wanda aka fi sani da Jim, don a ga yadda aka yi yaro ɗan shekara 14 ya sami kansa a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kuma abin da ya yi ajalinsa a can.

Asalinsa

An haifi Jim ran 3 ga Janairu, 1901, a wani ƙaramin gari mai suna Tocumwal cikin jihar New South Wales, kwana biyu ke nan bayan jihohin Ostiraliya sun haɗu sun zama tarayya ɗaya. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida na Charles da Amelia Martin, kuma shi kaɗai ne namiji. A 1910 iyayensa suka zauna a unguwar Hawthorn ta birnin Melbourne, inda ya shiga makarantar gwamnati.

A wannan zamani dokar ƙasar ta wajabta wa yara maza horon soja tun daga shekara 12. Saboda haka kafin Jim ya bar makaranta ya tafi aikin gona, ya riga ya saba da fareti da bin umarni. Wannan ya sa ba a iya cewa sha'awar soja daga sama ta faɗo masa. Hukuma ce ta shuka ta.

Shigarsa Soja

Da Ingila ta shiga yaƙi a Agusta 1914, Ostiraliya ta bi ta, kamar yadda sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila suka bi. A cikin wannan yaƙin ne sojojin Nijeriya suka fafata da Jamusawa a Kamaru. Mahaifin Jim ya je ya ba da kansa, amma aka ƙi ɗaukarsa. Sai yaron ya ce to shi zai tafi a madadinsa. Iyayen suka ƙi, shi kuwa ya ce in ba su yarda ba zai gudu ya shiga da wani suna, kuma ba za su sake jin ɗuriyarsa ba. Uwar ta auna tsakanin ɗan da ya tafi da saninta da ɗan da ya ɓace, ta ba da takardar amincewa.

A Afrilu 1915 ya shiga soja a Melbourne, ya ce shekarunsa 18. Yaro ne mai tsawo da ƙirar manya, masu ɗaukar soja kuwa mutane suke nema, ba takardar haihuwa ba. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Abin lura a nan shi ne, manyan sun hango, amma kowanne ya kau da kai: da iyaye, da likita, da magatakardan da ya rubuta shekarun.

Galifoli

Galifoli wani zirin ƙasa ne a bakin mashigin ruwan Dardanel, cikin daular Turkawa ta Santambul, wadda ta goyi bayan Jamus. Ingila da Faransa sun yi niyyar kama mashigin don su isa Santambul, su kuma buɗe wa Rasha hanyar ruwa. Ran 25 ga Afrilu, 1915, sojojin Ostiraliya da Niyu Zilan suka sauka a gaɓar, amma Turkawa suka tsare tuddai suka hana su gaba. Daga nan yaƙin ya koma zaman ramuka na wata da watanni.

An sa Jim cikin Bataliya ta 21. Ya bar Melbourne a Yuni ya sauka Masar, daga can aka ɗebe su a jirgin ruwa mai suna Southland. Ran 2 ga Satumba, kusa da tsibirin Lemnos, wani jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku ya harbe su da nakiya. Jim ya yi wajen awa huɗu cikin ruwa kafin a tsamo shi. Bayan kamar mako guda ya taka ƙasar Galifoli.

Lokacin da ya iso, manyan hare-haren watan Agusta sun riga sun wuce, abokin gāba mafi haɗari kuma ba Baturke ba ne. Ruwan sha kaɗan ne, abinci naman gwangwani ne da busasshen biskit, ga gawarwakin da ba a binne ba tsakanin ramukan ɓangarorin biyu. Ƙudaje kan tashi daga gawa da masai su sauka a kan abinci, sai atuni da zazzaɓin taifot suka bazu cikin rundunar. Duk da haka, wasiƙun da Jim ya aika gida na kwantar da hankali ne. Babban kukansa shi ne bai sami wasiƙa daga gida ba. A wannan kukan ne kaɗai mai karatu ke jin muryar yaro a bayan kakin soja.

Taifot ya kama shi, ya ci gaba da aiki har jiki ya ƙi. Ran 25 ga Oktoba, 1915, aka kai shi jirgin asibiti mai suna Glenart Castle, ya rame ƙwarai. A ranar zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 14 da wata 9. A teku aka binne shi. Shugabar masu jinya ta jirgin ce ta rubuta wa uwarsa labarin ƙarshensa. Wata biyu bayan haka, a Disamba, aka kwashe sojojin Ostiraliya daga Galifoli ba tare da an cimma abin da aka je nema ba, bayan sun yi asarar mutum wajen 8,700.

Kammalawa

Da yake ba shi da kabari, an rubuta sunansa a jikin dutsen tunawa na Lone Pine a Galifoli. Shi ne mafi ƙarancin shekaru da aka sani cikin 'yan Ostiraliya fiye da 60,000 da suka mutu a wannan yaƙi. A 2001 marubuci Anthony Hill ya fitar da littafi a kan rayuwarsa mai suna Soldier Boy, kuma kowace ranar 25 ga Afrilu ƙasar na tunawa da mazajen Galifoli.

Babu mai musun ƙarfin halin Jim Martin. Amma manazarcin tarihi ba ya tsayawa ga kirari. Abin da bayanan suka nuna shi ne yaro wanda makaranta ta koya wa fareti, hukuma ta karɓi ƙaryarsa don tana bukatarta, sa'an nan ƙazanta da rashin ruwa suka kashe shi cikin mako bakwai. Al'ummar da ta yaba jarumtarsa ta tsaya nan, ta ɗauki rabin labarin ne, rabin da ba ya tuhumar kowa.